Yadda Aka Naɗe Inuwar Tudun Gauta

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnuwa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani gari ne wai shi Tudun Gauta. Inuwa ɗaya tal gare su, ta wata tsamiya a bakin kasuwa. Nan ake hira, nan ake kitso, nan tsofaffi ke gyangyaɗi. To akwai al'ada tsakaninsu da mutanen Kwarin Ɓaure. Duk kaka sai a yi kokawa, garin da aka kayar a naɗe inuwarsa kamar tabarma a tafi da ita.

Mai horar da 'yan kokawar Tudun Gauta wani tsoho ne, Barmo. Ya san kokawa kamar yunwar cikinsa. Aibinsa ɗaya, tausayi. Ko kaza ya ji ta yi tari sai idonsa ya kawo ruwa. Sai aka damƙa masa wani saurayi, Nomau, aka ce inuwar gari tana hannunsu.

Sai Barmo ya ce, "Ɗauki turmin nan ka hau dutse da gudu."

Nomau ya ɗan taka, sai ya ce, "Wayyo Baba, wuyana."

Sai Barmo ya tare shi. Ya ce, "Kawo, kawo. Zauna ka sha fura." Sai tsoho ya aza turmi a ka, ya hau dutse ya sauko.

Da sanyin safiya ya ce, "Shiga kogi ka tsaya wa igiyar ruwa, ƙafa ta yi ƙwari."

Nomau ya tsoma ɗan yatsa. "Wayyo Baba, sanyi."

"Fito, fito, kada mura ta kama ka." Sai tsoho ya shiga ruwa har wuya, haƙora na kaɗawa, Nomau na bakin gaɓa cikin bargo yana ce masa sannu.

Sai Barmo ya kai shi gindin kuka ya ce, "Tura ta."

"Wayyo Baba, kafaɗata."

Kun dai san sauran. Tsoho ya yi ta tura kuka kullum, har ta gaji ta koma gonar maƙwabci.

Matarsa Gwamma ta dube shi ta riƙe haɓa. "Malam, wai cikinku wa ake horarwa?"

"Kukan yaron ne ba na iya ji."

Ta ce, "Ba yaron kake tausayi ba, kunnenka kake tausayi."

Sai ya ja tsaki ya fita, don maganar ta soke shi.

Kaka ta yi, aka kafa fage, ganguna suka ɗauka. Barmo ya zo da ƙirji kamar ƙofar gari. Nomau kuwa ya yi tumbi, sai da aka ƙara wa walkinsa fata. Mutanen Kwarin Ɓaure suka fito da ƙatonsu, Ɗan Jibga. Yana cafkar Nomau ya matse, sai Nomau ya waiwaya.

"Wayyo Baba, haƙarƙarina."

Kafin Barmo ya yi tunani, ƙafafunsa sun kai shi tsakiyar fage. "Kawo, kawo." Sai ya sunkuci Ɗan Jibga ya wurga. Bawan Allah bai sauka ko'ina ba sai kan rumbun uwarsa, can garinsu.

Alƙalin wasa ya ce, "Barmo, ba da kai ake yi ba. Wanda aka shigar wa, shi ya faɗi."

Sai mutanen Kwarin Ɓaure suka durƙusa gindin tsamiya, suka kama bakin inuwa suka naɗe ta tsaf, suka saɓa a kafaɗa. Ga tsamiya da ganyenta, ƙarƙashinta rana ƙwal. Mata suka tashi da kitso rabi, tsofaffi suka farka suna zufa. Ba wanda ya zagi Barmo. Da zagin ma aka yi, da ya fi masa sauƙi.

Nomau ya matso yana murza ƙeya. "Wayyo Baba, rana."

Hannun Barmo ya kai ga babbar rigarsa, zai buɗe ya yi masa rumfa. Sai ya tsaya. Ya mai da hannayen baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Na ji, ɗana. Tsaya cikinta. Ni ma ga ni tsaye. In ka gama, ga turmi can."

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma raminta. Mai koyo sai ya daure wa ciwo, mai koyarwa kuma sai ya daure wa jin kukansa. Ku tashi haka nan, ba wanda zan goya.