Ranar da Zakara Ya Karɓi Raino

Ga ta nan, ga ta nanku, masu jin ɗumi!

Ta zo mu sha labari!

Wata Kaza ce ta yi ƙyanƙyasar fari, 'yan tsaki tara, duk ta rame wajen tono. Mijinta Zakara, sarkin fankama, ya ce, "Ni nake tashin gari da asuba. Ke kuwa me kike yi, ban da yawo da yara a gindin rumbu?"

Kaza ta ce, "Gaskiyarka, maigida. Riƙe mini su in je bakin randa, tun safe ban sha ruwa ba."

Ya ce, "Je ki, har wankan toka ki yi."

Tana juya baya, ɗan tsako ɗaya ya faɗa kwata, biyu suka kaure kan tsutsa, auta ya maƙale a jikin danga. Sai ga inuwar Shirwa. Zakara ya rasa yadda ake kiran yara, ya kwantsama cara, suka ƙara watsewa. Da Shirwa ta kawo sura ya yi tsalle ya tare ta, ta tafi da rabin jelarsa.

Kaza ta dawo a guje. "Kut" ɗaya ta yi, duk taran suka shige ƙarƙashinta.

Zakara yana haki ya ce, "Haba uwar yara, wuni guda a shan ruwa?"

Ta ce, "Ko randar ban kai ba, maigida, ihunka na jiyo."

Shi ya sa har gobe in zakara ya tono tsaba, ba ya ci sai ya kira kaza.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Mai musu ya karɓi raino gobe.