Gwangwanin da Ya Tsallaka Kogi

Ku gyara zama, yau na zo muku da wata shari'a da ta gagari dattawan Tungar Makuba, kuma ba na son mutum ya yanke hukunci kafin in kai ƙarshe.

Akwai wani manomi a can, Sallau, matarsa Tabawa na da tsohon ciki. Wata safiya cikin damina ta sa hannu a tarin itace, kububuwa ta sare ta. Malamar asibitin ƙauyen ta duba, ta ce tana iya yin allurar, amma maganin dafin sai cikin gari, a hayin kogi. Sallau ya hau babur ya tafi, aka ba shi 'yan kwalabe siraran nan na gilashi. Kun san halin mutanenmu, duk abin da ke da daraja cikin hula ake cusa shi. Ya cusa su, ya kifa hular a ka. Da ya dawo bakin kogi sai ya tarar ruwa ya tafi da gadar da ya bi ɗazu. Ya taka birki cikin firgici, taɓo ya kwashe shi, kansa ya bugi ƙasa. Ya tashi yana shafa fuska, ya ga abin da ke gangaro masa ba jini kaɗai ba ne, maganin matarsa ne. Waɗanda suka gani suka yi tsuru-tsuru.

Ya koma asibitin gari. Suka ba shi kwalabe biyu, suka ce su ke nan suka rage, in waɗannan suka fashe sai dai addu'a. Nan abokansa uku suka same shi.

Na farko Ɗayyabu, mai yin kiret ɗin ƙwai. Tsofaffin takardu yake jiƙawa da dakakken karan shinkafa, ya dama su kamar fura, ya matse a cikin abin zubi, ya shanya. Ya daɗe yana fama da wani sabon zubi, ɓari biyu masu gurbi a ciki, don kwalaben turare, amma masu turare sun ce tsumma ya ishe su, har yaran kasuwa na kiransa mai tuwon takarda. Ya kwantar da kwalaben a gurbin, ya haɗe ɓarin biyu, suka zauna daram ko motsi babu. Sai dai ya faɗi gaskiya: "In ruwa ya taɓa shi, Sallau, kunu zai koma."

Na biyu Hashimu, maƙerin gwangwani, mutumin da murfi ya hana shi sakat. Ya ƙera wa masu zuma wani gwangwani, ya yanko zobe daga tsohon tub na babur ya sa a bakin murfin, ya yi masa haƙora da sai an danna sannan a murɗa. Masu zuma suka dawo masa da shi, suka ce ba su sayen abin da za su yi kokawa da shi kullum. Shi ya ɗauko, ya zura zubin Ɗayyabu a ciki, ya danna ya murɗa. Ya dulmiya shi a randa a gabansu, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Amma Hashimu ko rafi bai iya shiga ba.

Na uku Mu'azu, masunci. Ranar babu mai kwalekwalen da ya yarda ya taɓa ruwan nan, don bishiyoyi yake tafe da su har da saiwa. Mu'azu ya ɗaure gwangwanin a ƙugu, ya kifa cikinsa a kan gorarsa ta su, ya faɗa. Yana tsakiya wani kututture ya zo ya fasa gorar, ya danne shi. Ya nutse. Mutanen gaɓa biyu suka ɗauki salati, uwarsa ta zube a ƙasa. Ni da nake ba ku labarin nan, har yanzu in na zo wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Can ƙasa da mashaya, ta gaɓar ƙauye, aka ga hannu ya kama reshe. Aka jawo shi da karyayyen haƙarƙari, yana aman ruwa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ku kwance gwangwanin, ku ruga."

Gwangwanin ya lotse ta gefe kamar an taka shi da mota. Malamar asibitin ƙauyen, wadda ke jira a bakin kogin, ta ja murfin ya ƙi, wani har ya ɗaga gatari. Daga hayi Hashimu ya yi ta kwatance da hannu, a danna, a murɗa. Ta danna, ta murɗa, murfin ya buɗe. Ciki a bushe ƙamas, takardar ta lauye daidai inda kututturen ya buga, kwalaben kuwa ko tsaga babu. Aka yi wa Tabawa allura bakinta na zubar da jini, Allah ya tashi kafaɗarta.

Ba a jima ba ta haifi ɗa namiji, ɗansu na fari. Sallau ya rantse sunan wanda ya ceci uwar za a raɗa wa yaron. Ranar suna ta zo, rago na ɗaure, wanzami ya wasa aska, liman ya miƙo kunne. Sallau ya dubi Ɗayyabu, wanda ba don zubinsa ba da gilashin ya zama gari. Ya dubi Hashimu, wanda ba don murfinsa ba da zubin ya narke a ruwa. Ya dubi Mu'azu, wanda har ranar ba ya iya jan numfashi sai ya dafe ƙirji. Ya rasa na zaɓa, rana ta yi ta ɗagawa, jama'a na jira.

Yaro ɗaya ne, sunan yanka ɗaya ne. To, ku da kuka ji, wa za a yi wa takwara a cikinsu?