Notin da Ya Fi Raminsa Tsawo

Akwai wani bakanike a unguwar Coal Camp ta garin Enugu, sunansa Alhaji Mijinyawa, wanda in ka ce masa inji ya gagara sai ya yi dariya ya ce a turo motar. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kwance giyabos na manyan motoci yana mayarwa. Har direbobin Ibo daga Onitsha suke kawo masa aiki.

Hannunsa na da kyau, wannan ba gardama. Matsalar ita ce shi ma ya san haka, kuma ya sani fiye da kima.

Bayan kanikanci, Alhaji na da wani aiki da babu wanda ya naɗa shi. Duk ɗan ƙwadagon da ya sauko daga Arewa, mai turin baro ko mai dako a kasuwar Ogbete, wurinsa ake kai shi. Sai ya tambaye shi lambar wani nasa a gida ya adana a wayarsa, don in wani abu ya faru a san wanda za a kira. Lambobin sun haura ɗari biyu, kuma duk a cikin wayar suke. Babu su a takarda, babu su a layin waya.

Cikin waɗannan mutane akwai Hammadu, magidanci mai shiru-shiru daga wani ƙauye can wajen iyakar Jigawa da Nijar. Baro yake turawa. Tun da aka zare masa ƙaramar wayarsa a kasuwa bai sake wata ba. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan zo ya durƙusa ya gaida Alhaji, Alhaji ya lalubo lambar wani mai shago a ƙauyensu, a kira masa mahaifiyarsa su gaisa. Hammadu bai yi boko ba, bai taɓa haddace lambar ba. Mai shagon ma bai taɓa adana ta Alhaji ba, don kullum shi ake kira.

Wayar kuwa babba ce, ɗan Alhaji mai suna Musaddiq ne ya aiko da ita daga Turai inda yake aiki. Wata rana ta suɓuce daga aljihu ta faɗa ramin gareji. Gilashin ya tsage, rabin fuskar na ƙasa ya yi baƙi. Ana iya amsa kira, ana iya duba lamba in an yi haƙuri, amma da ƙyar.

Da Musaddiq ya ji, sai ya ce kada a kai ta kasuwa a sa mata jabun gilashi. A can inda yake, kamfanin da ya ƙera wayar na sayar wa mutum kayan gyara na ainihi ya gyara da kansa. Ya yi oda, ya ba wani mai dawowa gida ya kawo.

Kwalin ya iso da sabuwar fuskar waya, da ƴan ƙananan sukurdirebobi, da wani faifan roba da aka zana wa gidaje-gidaje, da littafin bayani mai hotuna. Musaddiq ya kira ya ce, “Baba, don Allah a bi littafin daki-daki. Mama ta karanta, kai ka yi aikin.”

Alhaji ya ce to. Irin to ɗin nan da ake faɗa don a rufe magana.

Ran Lahadi da hantsi, da yake garejin a rufe yake, ya shimfiɗa tabarma a barandar gida ya baje kayan. Matarsa Hajiya Zinariya, wadda a Enugu aka haife ta kuma ta koyar a firamare shekara ashirin, ta sa gilashin idonta ta zauna gefe da littafin.

“Alhaji, abu na farko da suka ce, a kwashe duk abin da ke cikin wayar a ajiye wani wuri kafin a buɗe ta.”

“Me za a kwashe? Fuska zan canja, ba inji zan sauke ba.”

“Ka ba ni ita zuwa la'asar in kwafe lambobin mutanen nan a littafi. Ko da rabin fuska zan iya.”

“Aikin minti ashirin za ki mayar na yini guda? Karanta na gaba.”

Ta dube shi ta saman gilashi, ta juya shafi. Ta karanta masa cewa notunan cikin wayar ba tsawonsu ɗaya ba, ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Shi ya sa aka aiko da faifan roba: duk notin da aka kwance a ajiye shi a gidansa, don ya koma ramin da ya fito.

A nan ne Alhaji ya yi dariya sosai. Ya ce shi da yake kwance noti tamanin daga inji ɗaya ya watsa su a gwangwani, ya dawo bayan kwana uku ya mayar da kowanne mazauninsa, shi za a zana wa gidaje kamar ɗan aji ɗaya? Ya miƙa hannu ya jawo wani tsohon gwangwanin madara.

Gaskiya ne, haka ake yi a gareji. Amma notin mota kana ganinsa, kana jin nauyinsa a tafin hannu. Waɗannan kuwa ba su kai ƙwayar gero ba.

Ya ɗumama gefen wayar, ya ɗaga tsohuwar fuskar a hankali, ya cire ƴar igiyar wutar batir. Duk wannan ya yi shi tsaf, har Hajiya ta ce masa sannu da aiki. Notuna kuwa yana kwancewa yana jefawa a gwangwani, ɗaya bayan ɗaya.

Da aka zo mayarwa, ta nuna masa hoton. “Ka ga wannan ƙaramin murfin ƙarfen? Noti huɗu gare shi. Uku gajeru, ɗaya dogo, kuma dogon a kusurwar sama yake.”

“Na gani.”

Bai gani ba. Ya tsinci ɗaya da ɗan hantsaki ya sa a ramin ƙasa. Sukurdireban da aka aiko an yi shi ne ya yi ƙas in noti ya ɗauru, daga nan ba ya ƙara juyawa. Ya yi ƙas ɗin, amma kan notin bai kwanta ba, yana ɗan tsaye.

“Sun ce in ya yi ƙara a tsaya,” in ji Hajiya.

“Wannan abin wasan yara ne, ba shi da ƙarfi. Ni ba a taɓa dawo min da mota don noti ya kwance ba.”

Ya tashi ya ɗauko nasa sukurdireban da yake ɗaure gilashin idonsa da shi, ya ƙara wa notin juyi biyu har ya kwanta. Ya rufe wayar, ya goge sabuwar fuskar da bakin riga, ya danna makunni yana murmushi.

Ba ta kawo ba. Ya sa caji, ya jira, ya sake dannawa. Shiru. Ya buɗe ta sau uku kafin azahar. Hajiya ta rufe littafin ta shiga kicin.

Ya zare layinsa ya sa a wata tsohuwar ƙaramar waya, ya jefa babbar a durowa. Ya ce in ya samu sarari zai sake dubawa, ƙila batirin ne.

Ran Talata aka zo gareji aka gaya masa Hammadu ya yanke jiki ya faɗi a Ogbete da baro a hannu. Ashe ya fi mako yana fama da zazzaɓi yana ɓoyewa. Alhaji ya tari keke ya bi shi asibitin da aka kai shi. Likita ya ce ciwon ya ci jiki, ya taɓa hanji, za su yi iya ƙoƙarinsu.

Da Hammadu ya farfaɗo ya ga Alhaji a kansa, sai ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe shi. Alhaji ya danne kafaɗarsa.

“Kwanta, kwanta. Yaya jikin?”

“Da sauƙi, Alhaji. Don Allah a kira min Inna. Ina so in ji muryarta, in nemi gafara.”

Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya taɓo ƙaramar wayar. Ya ce masa babbar na wurin gyara, amma gobe in Allah ya yarda.

Daga asibiti bai koma gareji ba. Ya ɗauko wayar ya nufi layin masu gyaran waya, wurin wani Ibo da aka ce ya fi kowa. Mutumin ya buɗe ta, ya kwance murfin ƙarfen, ya sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗago.

“Alhaji, na who do this work?”

Alhaji ya fi shekara talatin yana yi wa masu mota wannan tambayar, wa ya taɓa maka ita, yana girgiza kai. Ya ce, “Ni ne.”

Mai gyaran ya matsa masa ya leƙa. A cikin madubin ya ga ƙasan ramin, da wani ɗan zagaye mai ƙyalli inda dogon notin ya huda allon injin ya yanke hanyoyin wuta masu sirantar gashi. Mutumin ya ce shi ba zai iya ba. Akwai mai iyawa a Onitsha, amma sai an ba shi mako guda ko fiye, kuma ba alkawari. Alhaji ya ce a kai.

Ya kira Musaddiq ya tambaya ko lambobin na wani wuri a intanet. Musaddiq ya ce, “Baba, ai ka hana in haɗa maka, ka ce ba ka son lambar sirri.” Ya bi duk ƴan baro na Ogbete yana tambaya, babu ɗan garin su Hammadu ko ɗaya. Shi kaɗai ya zo.

Abin da ya rage shi ne aike irin na mutanen da. Hammadu ya faɗi sunan ƙauyen da sunan mai shagon. Alhaji ya rubuta tasa lambar a takarda, ya sami direban wata motar shanu da za ta koma Arewa ran Laraba da yamma, ya roƙe shi ya ba wani mai zuwa kasuwar Maigatari, shi kuma ya nemi ɗan ƙauyen.

Kullum da safe Hajiya na dama kunu, Alhaji na kaiwa asibiti. Kullum Hammadu na tambaya, “An samu Inna?” Alhaji na cewa saƙo na hanya. Ran Juma'a bai tambaya ba, ya dai riƙe hannun Alhaji ya ce yau ne ranar da take zuwa shago ta zauna jira.

Ya cika ran Asabar da hantsi. Aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Musulmi bayan azahar. Alhaji ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Ran Lahadi da safe yana zaune a baranda, ƙaramar wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Wani namiji ya yi sallama ya ce shi ne mai shago, takarda ta iso jiya da yamma, ga tsohuwar nan.

Muryarta ƙarama ce, tana ɗaga ta kamar yadda mutanen ƙauye ke yi a waya. Ta gaida shi da gida da iyali da aiki, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce, “An ce yaron nan ba ya jin daɗi. A ba shi in ji.” Ba ta kama sunansa ba, don ɗan fari ne.

Alhaji ya ce, “Inna, sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa jiya.”

Ta yi salati a hankali, sau biyu. Can ta ce, “Ya neme ni?”

“Kullum, Inna. Kwana huɗu yana nemanki.”

“Na zo shago ran Juma'a na zauna har magariba. To me ya hana ku kira, Alhaji? Ai ya ce lambar na wurinka.”

Da ya ce waya ce ta lalace, da ta yarda, kuma ba ƙarya ya yi ba. Hajiya na tsaye bakin ƙofa tana jinsa. Ya share fuska da tafin hannu ya ce, “Tana wurina. An ce in rubuta ta a takarda na ƙi, an ce in bi a hankali na ƙi. Ni na ɓata wayar da hannuna. Ki yafe min.”

Tsohuwar ta ce, “Allah ya yafe mana duka. Gaya min abin da ya ce a gaya min.”

Alhaji ya buɗe baki, sai ya tuna Hammadu bai bar sallahu ba. Ya ajiye maganarsa ne sai an ba shi waya.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'a ɗaya ba ta sa ka fi ƙarfin karanta bayani a wata. In za ka gyara wayarka da kanka, fara kwashe abin da ke ciki, ka bi littafin daki-daki, ka saurari wanda ke karanta maka ko da ka fi shi iya riƙe sukurdireba. In kuma amanar mutane ce a wayarka, rubuta ta a takarda yau. Ku tura wa wanda kuka san ba ya son a gaya masa, ku yi wa Hammadu addu'a.