Ranar da Hazo Ya Tafi da Duna

Choji mutumin Jos ne, direban bas a Manchester, mai kirki da son iyali. Aibinsa guda ɗaya ne: duk abin da ba na gida ba, a idonsa wasan yara ne. Tsaunukan Ingila ma kunyoyin doya yake ce musu.

A gidansu na unguwar Cheetham Hill akwai wani baƙin kare mai suna Duna. Marigayiya matarsa ce ta yi renonsa tun yana ɗan kwikwiyo, shi ya sa Choji da 'yarsa Clara suke ji da shi ƙwarai.

Wata Asabar a shekarar 2006, Clara ta zo hutu daga jami'a a Birmingham, suka ɗauki Duna suka tafi hawan tsauni. Gari ya yi luf. Ciyawa shar, tumaki sun bazu a gangare, iska mai sanyi tana kaɗawa a hankali. Choji ya lumshe ido, ya ga kamar yana yaro a kan duwatsun garinsu. Sai ya sunkuya ya kwance igiyar Duna.

Clara ta ce, "Baba, please ka mayar masa da lead. An rubuta a gate cewa a ɗaure karnuka, kuma weather ɗin nan ba shi da tabbas."

Ya yi dariya ya ce, "A Jos wa ke ɗaure kare a kan dutse? Bar shi ya sha iska."

Ba a jima ba hazo ya sauko, fari fat, ba ƙara ba motsi. Tumaki suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya, hanya ma ta ɓace. Duna ya hango wani abu ya bi a guje. Sun jiyo shi yana haushi sau biyu, daga nan shiru.

Suka yi ta kira har muryoyinsu suka dushe. Da ƙyar su kansu suka sauko. A mota Clara ba ta zarge shi ba, cewa kawai ta yi, "Shi kaɗai ya rage mana na Mama." Wannan magana ta fi zagi yi wa Choji ciwo.

Wata uku ya yi yana komawa tsaunin duk Asabar. In ya kira sunan, tumaki ne kawai ke ɗago kai.

Darasi a nan shi ne, kowace ƙasa da irin halinta, kuma sanin gida ba ya wadatar da baƙo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In an gargaɗe ka, ko da ɗan cikinka ne, ka saurara, domin wani abin in ya kuɓuce, nadama ba ta dawo da shi.