Falmata da Amsar da Kwamfuta Ta Ƙi

Akwai wata yarinya a Gashuwa, sunanta Falmata. Ba zan faɗi unguwarsu ba, ba zan faɗi sunan makarantarsu ba, ku dai ku karanta.

Falmata tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Irin yaran nan ce da ba a jin muryarsu. Ko ta san amsa, in malami ya kira sunanta sai ta sunkuyar da kai. Babanta Malam Yunusa masunci ne. Innarta ita ke bandar kifin, hayaƙi har ya fara taɓa mata ido.

Ranar da za a koma zango na biyu, babanta yana gyaran taru a ƙofar gida, ya kira ta.

"Falmata, ni ba zan miki dole ba. In karatun yana shiga, ki ci gaba. In ba ya shiga, kin dai ga idon innarki. Wannan zangon zan duba. In kin faɗi, sai ki dawo ki kama mata."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Shi ya sa ta zauna mata a rai.

A zangon ne wata ƙungiya ta kawo wa makarantar ƙananan kwamfutoci, irin na riƙewa a hannu masu kama da allo. An zuba darussan soshiyal a ciki, wato zamantakewa da tarihi da sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Ka karanta, ka ga hoto, sai ta yi maka tambaya. In ka ci ta nuna kore, in ka faɗi ta nuna ja. Kuma makin da ta ba ka, shi ake haɗawa da na jarrabawa.

Wanda ya haɗa darussan wani saurayi ne ɗan Nguru, Zainulabidin. Duk wata yake zuwa da jakarsa a baya, ya kwashi maki ya koma. Ba ya gaisawa da kowa sosai.

Da farko Falmata ta ji daɗi, don kwamfuta ba ta kallon mutum. Amma sai tambayoyin suka fara zuwa wani iri.

"Wace sana'a aka fi yi a yankinku?" Ta danna su da noman shinkafa. Ja. Wai noman roba ne. Ita ko itacen roba ba ta taɓa gani ba.

Sai darasi na goma sha huɗu. "In mutum biyu suka yi rikici a kan sana'a, ina za su fara zuwa?" Akwai kotu, akwai asibiti, akwai wajen bulama, wato mai unguwa. Ta danna bulama. Ja.

Sauran yara ba su damu ba. Sun gano in ka sake gwadawa ka danna abin da take so, sai ta yi kore. Har waƙa suka mai da shi: roba, kotu, roba, kotu. Ƙawarta Khairat ta zungure ta.

"Ke dai kin cika taurin kai. Danna kotu mana, wa zai ci ki tara?"

Falmata ta kai yatsa, ta kasa. Sau huɗu ana maimaita darasin, sau huɗu tana danna bulama.

Da aka raba takardar makin rabin zango, tata duk jan biro. Ta ninke ta sau huɗu, ta cusa a ƙarƙashin tabarmarta. Babanta ya tambaya, ta ce ba a raba ba tukuna. Daga ranar abinci ya daina mata daɗi.

Malamar soshiyal ɗinsu Madam Dorathy ce. Daga kudu ta zo bautar ƙasa shekara ashirin da wani abu, ta zauna ba ta koma ba. Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Wata rana da tara, yara sun fita, ta shigo aji da gyaɗa a hannu ta ga Falmata ita kaɗai ta kifa kai.

"Ke, wa ya mutu?"

Falmata ta girgiza kai.

Madam ta zauna kusa da ita, ta zuba mata gyaɗa a tafin hannu. "Bara ke ce kike cinye min tarihi. Bana kwamfuta ta ce ba ki san komai ba. Ɗaya daga cikinku yana ƙarya, kuma ina so in san wane ne."

Falmata ta fara magana a hankali, idonta a ƙasa.

Ta ce shekara biyu da suka wuce babanta ya kafa dumba, shingen nan da masunta ke yi a hanyar ruwa su jera tarkon kifi a jiki. Dumbar ta tare ruwan da ke shiga gonar shinkafar wani maƙwabcinsu. Aka yi cacar baki har kowa ya ɗauko sanda. Sai bulama ya kira su. Bai zauna a zaure ya yanke ba, ya naɗe wando ya shiga ruwan da su, ya ce a buɗe ƙofa ɗaya ta ɓangaren gona. Shinkafa ta sha ruwa, kifi bai gudu ba. Yanzu duk kaka mutumin nan sai ya aiko musu da shinkafa, su kuma su aika masa da banda.

"Babana kullum yana cewa shi ƙafarsa ba ta taɓa taka kotu ba. Madam, in na danna kotu, kamar na ce abin da suka yi ba daidai ba ne."

Sai Madam ta ce, "Ci gyaɗarki."

Washegari Falmata ta ga Madam ta zo da wani tsohon littafi mai bangon kore, wanda aka ɗaure da zare. Littafin manhaja ne na ma'aikatar ilimi, wanda ya faɗi abin da ya kamata kowane aji ya koya. Ta sayi sabon littafin rubutu, ta ja layi a tsakiyar kowane shafi. Gefe ɗaya abin da manhaja ta ce, gefe ɗaya abin da kwamfuta ta ce.

Madam ba ta iya kwamfutar ba sosai. Da yatsa ɗaya take dannawa, wani lokaci ta kashe ta ba ta sani ba, ta yi tsaki ta sake kunnawa. Sati uku tana wannan aiki, da tara da kuma bayan an tashi. Wasu malamai har tsokanarta suke.

"Madam, ko ke ma za ki zana jarrabawar ne?"

Ta ce, "Ƙwarai. Kuma so nake in zo ta ɗaya."

Ranar da Zainulabidin ya zo, Madam ta aika aka kira Falmata ofis. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji Madam tana cewa cikin darussa talatin, goma sha ɗaya ba su bi manhaja ba.

Zainulabidin ya yi murmushi. "Madam, da girmanki, wannan aikin ba irin na alli ba ne. Kwamfuta ba ta kuskure."

"Gaskiyarka ɗana, ni ban iya ta ba. Taimaka ka buɗe min na goma sha huɗu."

Ya buɗe. Ita kuma ta buɗe littafinta mai zare, ta sa tabarau, ta karanta masa. Manhaja cewa ta yi ɗalibi ya san hanyoyin da mutanen yankinsa ke sasanta rikici tun kafin a kai ga kotu. Ta buɗe wani shafin. Ɗalibi ya san sana'o'in garinsu. Wani shafin kuma, ya fara da tarihin mutanensa.

"Na duba duka talatin ɗin. Ban ga Bade ba, ban ga Barno ba, ban ga kogin nan da ke bayan makaranta ba."

Ya ɗaga kafaɗa. "Amma ai yarinya ɗaya ce ke faɗuwa. Sauran duk suna ci."

"Sauran sun haddace abin da take so ne. Jarrabawar fita aji uku daga wannan littafin za a ciro ta, ba daga jakarka ba." Sai ta juyo. "Falmata, faɗa masa labarin dumba."

Falmata ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta tuna innarta tana murza ido a gaban hayaƙi, ta tuna takardar da ke ƙarƙashin tabarma. Ta faɗa. Ta kai har ƙarshe.

Madam ta ce, "Ɗana, kai ɗan Nguru ne. A gidanku ba a taɓa rikicin iyaka ba?"

Ya ce an taɓa yi, a kan katangar kakarsa.

"Kotu kuka je?"

"Wajen lawan, dagacinmu, muka je."

Daga nan murmushin ya tafi. Ya faɗa da bakinsa cewa darussan da aka yi wa wasu makarantun kudu ya samu, ya fassara ya zuba, don sun yi masa kyau. Littafin manhaja kuwa bai taɓa buɗe shi ba. Madam ta miƙa masa littafin rubutunta da hannu biyu.

"Ni na san abin da yara za su koya, kai ka san yadda za a sa shi a ciki. Ba wanda zai iya shi kaɗai."

Ya karɓa, ya tafi. Sati ɗaya shiru. Sati biyu shiru. Jarrabawa ta matso, makin Falmata yana nan ja. Ta fara koyon jera kifi a kan wayar banda, don ta cire rai.

Ran wata Asabar da hantsi, sai ga babur a ƙofar gidansu. Zainulabidin ne, da Madam a baya ta riƙe ɗankwalinta. Falmata ta ruga bayan ɗaki, ta ɗauka sun zo faɗa wa babanta ta faɗi.

Ta leƙo, sai ta ga Zainulabidin ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, alfarma na zo nema. Ina so ka ba ni labarin dumbar nan da bakinka, in ɗauki muryarka in sa a darasi."

Malam Yunusa ya yi dariya. "Ni? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

Madam ta ce, "Malam, ba rubutu muka zo nema ba."

Ya ba da labarin, har da ƙari. Maƙwabcin nan mai shinkafa ya ji hayaniya ya fito, ya ce shi ma sai an ɗauki tasa, don Yunusa ya rage wani wuri.

Aka gyara darussa goma sha ɗayan nan, aka sake lissafa makin kowa. Da sakamako ya fito, Falmata ta ci, ta zo ta shida. Madam ta ari kwamfuta ɗaya ta rako ta gida. Aka kunna darasi na goma sha huɗu a tsakar gida, muryar Malam Yunusa ta fito. Innarta ta bar banda ta matso. Da tambayar ta zo, Falmata ta kama yatsan babanta mai kaushi, ta ɗora a kan bulama. Kore.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe abin da muke yi ma karatu ne."

Falmata ta shiga ɗaki ta ciro tsohuwar takardar, ta durƙusa tana kuka. "Baba, ƙarya na yi maka. An raba tun tuni."

"Na sani. Innarki ta gani ranar da ta kaɗe tabarma. Ban iya karatu ba, amma na san jan biro."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya dafa kanta. "Zango na ce zan duba, ban ce rabin zango ba. Tashi ki wanke kayan makarantarki. Bandar ni zan riƙa kama mata."

Darasi: Na'ura abin da aka zuba mata kawai take faɗa, don haka kafin a sa yara a gabanta a duba ko ya dace da manhaja da kuma rayuwar garinsu. Wanda ya iya sabon abu kada ya raina wanda ya daɗe a aikin. Kuma in yaro mai shiru ya fara faɗuwa, a zauna a tambaye shi a hankali kafin a yanke masa hukunci. Don Allah ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai wata Falmatar da ta ɓoye takardarta tana jiran wanda zai tambaye ta.