Ranar da Hannun Ƙarfe Ya Manta Aikinsa

Akwai wani injiniya mai suna Rufa'i, mutumin Kiru, da ya samu aiki a wani kamfanin tumatirin gwangwani kusa da Bagauda a shekarar 1994. Ilimi kam ba a magana. Tun yana jami'a ya ƙera ɗan mutum-mutumi mai taya da ke kai wa majinyaci kofin ruwa, shi ya rubuta masa umarni a kwamfuta. Sai dai fa ji da kai, kamar shi ya ƙirƙiro boko.

A kamfanin akwai wani ƙaton hannun ƙarfe mai aiki da kansa. Shi ke ciro gwangwanaye daga tukunyar tururi, inda hannun mutum ba ya shiga. In ya tsaya, komai ya tsaya.

Mai kula da shi wani dattijon Bafulatani ne daga Doguwa, Hamman. Rufa'i na kama aiki ya mayar da shi gadin ƙofa. Ya ce, "Wanda bai iya rubuta sunansa ba, me ya haɗa shi da inji irin wannan?"

Ana tsakiyar kakar tumatir aka kawo wuta da ƙarfi, hannun ya manta duk abin da aka saka masa, ya tsaya cak.

Rufa'i ya jona kwamfutarsa ya yi ta rubutu, ko gezau. Ashe wannan ba irin ɗan mutum-mutuminsa ba ne. Maƙeransa suna da nasu yaren umarni daban, littafin injin kuma da Jamusanci. Aka buga musu waya, suka ce sai nan da mako uku.

Saude, mai wanke gwangwani, ta ce, "Injiniya, da ka kira Baba Hamman. Yana wurin sanda Bature ya saita shi."

Ya ce, "Je ki yi aikinki."

A waje kuwa motocin manoma sun yi layi cikin rana. Ta farko ta Malam Ubale ce, maƙwabcin mahaifin Rufa'i. Washegari ya tare shi ya ce, "Ɗana, noman ranina gaba ɗaya ne a motar nan. Yaushe za a karɓa?"

"Gobe, Baba, in sha Allahu."

Ya faɗa ne kawai. Ranar ya matsa wa injin, hannun ya yi wani juyi ya watsa gwangwanaye, saura kaɗan ya kwashe kan Saude. Hankalinsa ya tashi, abinci ma ya gagare shi, amma wallahi bai leƙa ƙofa wurin Hamman ba.

Rana ta uku ruwa ya fara ɗiga daga kwandunan tumatir. Ga ƙuda, ga tsami. Rufa'i ya ga dattawa suna tsince ruɓaɓɓu da hannu ko sauran za su tsira. Nan ya je ya durƙusa gaban Hamman.

"Baba, na kasa. Don Allah ka taimake ni."

Hamman bai yi masa gori ba. Ya shiga ya ɗauko wani ɗan akwati mai maɓallai da ke rataye jikin injin. Ya ce, "Haka na ga Baturen ya yi. Koya masa ake, kamar sabon bijimi a huɗa. Ka kai shi wuri, ka danna ya riƙe, ka ƙara gaba."

Taku-taku ya bi da shi, daga bakin tukunya har inda ake ajiyewa, Rufa'i na biye yana rubutawa. Kafin la'asar hannun ya koma aiki. Motocin da suka zo daga baya duk suka tsira, Hamman ya koma kan aikinsa.

Amma da aka sauke ta Malam Ubale, ko kwando ɗaya ba a samu mai kyau ba. Bayan katanga aka zubar.

Rufa'i ya tsaya yana hawaye. "Baba, ka yafe ni."

Malam Ubale ya karkaɗe hularsa ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma mutumin nan da ya gyara, kwana uku muna zaune benci ɗaya da shi a bakin ƙofa."

Darasi: Iliminka bai kai ko'ina ba, kuma girman kanka wani ne zai ɗanɗana kuɗarsa. In abu ya fi ƙarfinka, tambayi wanda ya sani tun da wuri, ko da mai gadi ne. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na zaune kan irin wannan taurin kai yau.