Yatsan da Liyakat Ya Rantse Ya Riƙe

Akwai wata baiwar Allah a yankinmu na masu lambun lemo a Punjab, Sugran sunanta. Su biyu rak mahaifinsu ya bari da ya rasu, ita da yayanta Liyakat, sai lambun lemo eka goma sha biyu. Rabon ba mai wuya ba ne, kowa ya sani: takwas nasa, huɗu nata.

Ranar addu'ar arba'in Liyakat ya dafa kanta a gaban dangi, ya ce ta kwantar da hankalinta, idan ƙura ta lafa za a raba. Sugran ba ta matsa ba. A wajenmu, macen da ta buɗe baki ta nemi gona a hannun ɗan'uwanta, cewa ake ta rufe wa kanta ƙofar gidan ubanta. Sai ta koma ƙauyen mijinta Mushtak, can tsallaken kogi, inda sai an shiga mota biyu kafin a isa.

Shekara biyu bayan haka, wata safiya tana tura ciyawa cikin injin da suke daddatsa wa ɓaunar da suke kiwo don nono abinci, bakin mayafinta ya maƙale. Ta kai hannu ta fizgo shi, injin ya tafi da babban yatsanta na dama gaba ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti. Sau uku Mushtak yana aika wa Liyakat cewa ƙanwarsa ta ji rauni a hannu, ya zo ya duba ta. Amsar da ta dawo ita ce ana tsakiyar tsinkar lemo, kuma ai mata ba sa rabo da yankewa a wajen aiki, ta sa magani. Ko ɗan aike bai turo ba.

Wallahi wannan ya fi yatsan yi mata ciwo. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai ta ɗaga kai, tana zaton shi ne. Tun daga lokacin ta koyi ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi, don tana jin kunyarsa. Ta koyi murza gurasa da tatsar nono da yatsu huɗu, rayuwa ta ci gaba.

Shekara tara da rasuwar mahaifinsu, mai gonar da Mushtak ke noma wa ya sayar da gonar. Sabon mai ita ya ce da an girbe alkama su tashi, har da ɗakin da suke ciki. Ga yara uku, ga ɓauna, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Nan ne Sugran ta yi ta maza, ta shiga motocin nan biyu.

Ta tarar da Liyakat a tsakar gida kan gadon igiya, yana zuƙar tukunyar tabarsa, abokansa biyu na gefe. Ta gaishe shi, ta tsaya daga bakin ƙofa, hannunta cikin mayafi. Ko ruwa bai sa an kawo mata ba. Ta faɗi halin da suke ciki, ta ce ba ta zo rigima ba, eka huɗun Baba kawai take so ta samu inda za ta kafa ɗaki.

Liyakat ya murza gashin baki ya dubi abokansa. "Ku ji mini mantuwa. Ke da kika ba ni kasonki kyauta don Allah? Da kanki kika dangwala yatsa a ofishin filaye, waɗannan ne ma shaidu."

"Yaya, ni? Yaushe?"

"Takarda tana nan da hatimin gwamnati. In mijinki ne ya zugo ki, ki gaya masa kotu ba gonar haya ba ce."

Abokan suka fashe da dariya. Sugran ta juya, ba ta yi kuka ba sai da ta hau mota. Abin da ya fi ƙona mata rai, kafin mako ya zagayo dangi sun ɗauka cewa ta yi kyauta ta dawo tana lashe amanta.

Mushtak mutum ne mai sanyi, ya ce su bar wa Allah, talaka ina shi ina shari'a da mai lambu. Ta ce ta bar wa Allah shekara tara, yanzu kuma za ta je inda Allah ya ajiye alƙali.

A harabar kotu, cikin rumfunan lauyoyi, aka nuna mata wata Barista Nigat, mace gajeruwa mai ƙaton tabarau, wadda aka sani da shari'ar gadon mata. Sugran ta zauna a ɗarare ta jero tambayoyin da suka hana ta sukuni. Shin shekara tara ba ta kashe maganar ba? Shin takarda mai hatimi ana iya ja da ita? Kuma ita da ba ta iya karatu ba, wa zai saurare ta?

Barista ta ce gado ba ya ruɓewa don an daɗe ba a raba ba. Ta ce hatimi ba ya mayar da ƙarya gaskiya, kuma wanda ya ce an ba shi kyauta, shi ne zai tabbatar wa kotu an ba shi ɗin, balle daga macen da ba ta karatu. Sai dai ta gaya mata gaskiya: yana da shaidu biyu, ita ba ta da ko ɗaya, tafiyar za ta yi tsawo.

Bayan kwana goma aka samo kwafin takardar daga ofishin filaye. Barista ta karanta mata a hankali, har ta zo ƙasa inda aka yi dangwale.

Kun san yadda ake yi a ofisoshinmu. Namiji ya dangwala da babban yatsan hagu, mace da na dama, magatakarda ya rubuta a ƙarƙashi. Abin ya zama jiki, ba mai tsayawa tambaya. To haka aka rubuta a nan ma: babban yatsan dama na Sugran.

Sugran ta ce a sake karanta mata shekarar. Aka sake. Ta ƙirga da haihuwar autanta, ta ga takardar ta zo shekara uku cif bayan kwanciyarta asibiti. Sai ta zare hannunta daga mayafi ta ɗora a kan teburin.

Barista Nigat ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta tambaya ko yayan ya san da wannan.

"Ina zai sani? Bai taɓa zuwa ba. Ran da na je ma fuskata bai kalla ba, balle hannuna."

"To Yaya Sugran, ki mayar da hannun nan inda kika ɗauko shi. Shekara bakwai kina ɓoye shi don kunya, yanzu ki ɓoye mini shi don aiki."

Aka shigar da ƙara, aka shiga jeka-ka-dawo. Yau lauyan Liyakat ba shi da lafiya, gobe ya tafi jana'iza, jibi lauyoyi na yajin aiki. An girbe alkama, an tashe su, suka raɓe a ɗakin ajiyar harawa na wani maƙwabci. Wata goma sha huɗu Sugran tana shiga mota tun da safe, ta wuni a benci, a ba ta sabuwar rana ta koma. Duk ranar zama Liyakat zai wuce ta gabanta cikin farin kaya da ya sha sitaci, ko kallo ba ta ishe shi ba. Akwai ranar da ta gaji har ta ce wa Barista ta bari ta nuna masa hannun kowa ya huta. Barista ta ce a'a, sai ya hau akwatin shaida ya rantse tukuna.

Ranar ta zo. Liyakat ya hau, ya yi rantsuwa, ya ba da labari tsaf kamar mai karatun hadda. Barista Nigat ta miƙe da murya ƙasa-ƙasa, tana ce masa ranka ya daɗe, har ya saki jiki. Ta tambaye shi ko yana wurin da kansa, ya ce ƙwarai. Ta tambaya ko ya tabbata ƙanwarsa ce, ba wata aka kawo a lulluɓe ba. Ya yi dariya ya ce shi da ya goya ta tana ƙarama.

"To da wane yatsa ta dangwala?"

"Barista, ke ma kin sani. Mace ce, da na dama mana."

"Ka gani da idonka, ko dai magatakarda ne ya gaya maka?"

Nan girman kai ya ja shi ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba. "Gani? Ai ni na riƙe mata yatsan. Hannunta na rawa, na kama shi na dangwala a tawada, na danna mata a takarda."

Barista ta roƙi kotu a rubuta wannan kalma da kalma. Alƙali ya sa aka rubuta, aka karanta wa Liyakat, ya ce haka ne, ya sa hannu. Sannan ta juya ta ce wa Sugran ta matso ta nuna wa mai shari'a yatsan da yayanta ya riƙe.

Sugran ta tashi. Ta isa gaban alƙali, ta yaye mayafin, ta ɗaga hannun sama yadda na bayan ɗaki ma zai gani. Yatsu huɗu, sai tsohon tabo a inda na biyar yake.

Barista ta ajiye takardar asibiti mai ɗauke da ranar da aka yi aikin, kusa da takardar kyautar, alƙali ya dubi wannan ya dubi waccan. Ya sauke tabarau ya tambayi Liyakat, to yatsan wa ya riƙe ran nan?

Gumi ya jiƙa wa Liyakat farin kayan nan sharkaf. Ya waiga neman shaidunsa, ashe ɗaya ya riga ya sulale waje, wai zai sha ruwa, kuma har aka tashi bai dawo ba. Lauyansa ya duƙufa kan takardu kamar ya yar da allura a ciki.

Ba a ƙara wata biyu ba aka yanke hukunci. Kotu ta soke takardar kyauta, ta ce a auna wa Sugran eka huɗunta, ta kuma tura maganar takardar jabu da rantsuwar ƙarya wajen 'yan sanda, har da shaidun da magatakardan da ya rubuta.

A bakin matakala Liyakat ya tare ta. Gashin bakin ya kwanta, muryar ta dushe. A karon farko cikin shekarun nan ya dubi hannunta sosai, ya ce me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba.

"Sau uku na aika maka, Yaya. Kwana goma sha ɗaya ina kallon ƙofa. Da ka zo dubiya sau ɗaya tak, da yau ka cinye gonar nan."

Ta wuce ta bar shi a tsaye.

Ranar da aka kafa duwatsun iyaka, rabonta ya faɗo ta gefen rijiya, inda bishiyoyin suka fi 'ya'ya. Mushtak, mai cewa a bar wa Allah, shi ya fi kowa zagaya gonar, yana shafa bishiyoyi yana dariya shi kaɗai. Sabon magatakarda ya buɗe rijista, ya turo tawada, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Inna, kawo na dama."

Sugran ta yi dariya har da hawaye. Ta ɗora masa hannun a kan littafin, a buɗe, ba mayafi. Ta ce na dama ya riga ya gama nasa aikin a kotu. Ta dangwala da na hagu, ta tsaya a kansa sai da ya rubuta hakan a ƙarƙashi.

Darasi: Wanda ya yanke zumunci don ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, yankewar ce za ta tona shi, domin ya daina sanin halin da wanda yake zalunta ke ciki. Haƙƙin mace na gado ba alfarma ba ne, kuma takarda mai hatimi ba ta fi ƙarfin tambaya ba. Kada ku sa hannu ko ku dangwala a abin da ba a karanta muku ba, kada kuma tsoron kotu ya sa ku bar abin da yake naku. Ku tura wa 'yan'uwa mata su sani, ku tura wa 'yan'uwa maza su je dubiya.